Adon Fasassun Tangaran: Wane Siminti Ya Kamata Uwargida Ta Saya?

Yau za mu ɗan jingine zancen girki da na reno, mu yi magana a kan siminti. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan mace da siminti, ai wannan zancen birkiloli ne." To uwargida, ki ɗan saurara tukuna. Kafin siminti ya shigo birnin Zariya, wa ke gyara ƙasan ɗaki? Ai mu ne. Magina su ta da bango su yi rufi, amma daɓe aikin mata ne. A zuba birji a yayyafa ruwa, mata su yi gayya da madaɓai suna bugu suna waƙa, sa'an nan a kwarara ruwan makuba, ƙasa ta yi ƙarfi tana sheƙi. Da siminti ya zo sai muka ajiye madaɓi, aikin ya koma hannun maza, har ga shi yau muna biyan kuɗi a kan abin da kakanninmu suke yi da hannunsu.

Akwai wata hanya da za mu sake sa hannu a wannan aiki, watau adon fasassun tangaran da fasassun tayil, wanda Turawa ke kira mozayik. Ana jera gutsattsarin ne ɗaya kusa da ɗaya a liƙe su da siminti, su fitar da zane a ƙasan ɗaki, ko dakali, ko gindin randa, ko bakin rijiya. Fitar da zane ba zai gagari matar da ta iya ɗinkin hula ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen abin liƙin. In kin zaɓi wanda bai dace ba, ko kin kwaɓa shi ba daidai ba, kafin damina biyu adon ya ɓamɓare, kuɗi sun tafi, ga kuma kaifin tangaran yana jiran ƙafar yaro.

ABIN BA BAƘO BA NE

Duk wadda ta taɓa shiga tsofaffin soraye na cikin birni ta ɗaga kai, ta ga yadda magina ke manna faranti ko tasa a tsakiyar rufi, inda bakan gizo suka haɗu. Garin nan kuwa shi ne garin Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830. Zanen fuskar gidajenmu ya yi suna har wani Bature mai suna Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kansa a 1963. A ƙasar Yarbawa, masu tonon kayan tarihi sun sami daɓen tsingaro a Ile-Ife wanda ya haura shekara 500. A birnin Fas na Maroko har gobe ana yanka tayil ƙanana ana ƙawata masallatai da gidaje. A Barsalona ta ƙasar Sifen, wani magini mai suna Antoni Gaudi ya yi wa wani lambu ado da fasassun tayil tsakanin 1900 da 1914, mutane kuma na zuwa kallo daga ko'ina cikin duniya. Marigayi Yusuf Grillo ma, wanda ya shahara da irin wannan ado a manyan gine-ginen Legas, a nan Zariya ya koyi zane, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Saboda haka ba wani abin aro za mu yi ba.

YADDA SIMINTI KE KAMAWA

Abu na farko da za ki riƙe shi ne, siminti ba ya yin ƙarfi don ya bushe. Ƙasar gini ita ce ke ƙarfi da bushewa, in ta jiƙe kuma ta sake laushi. Shi siminti shan ruwa yake yi, ruwan ya haɗu da garin su zama dutse, kuma wannan haɗuwa tana ɗaukar kwanaki. A kwana 7 yakan sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ne magina ke lissafin ya cika. Idan rana, ko iskar hunturu, ko busasshen bango suka zuƙe ruwan tun kafin siminti ya gama sha, sai ya zama gari-gari, ki murza da yatsa ya zube. Kusan duk lalacewar wannan aiki daga nan take fitowa.

IRI BIYU NE A KASUWA

Na farko shi ne simintin gini da muka sani, mai buhun kilo 50, wanda ake haɗawa da yashi. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar irinsa a 1824, a nan Arewa kuma an daɗe ana yin sa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Jihar Gombe. Yana da araha, yana kuma da kyau wajen aiki mai kauri, kamar inci ɗaya ko fiye. Amma in aka shafa shi siriri, nan da nan yake rasa ruwansa, sa'an nan ba ya kama abu mai santsi.

Na biyu shi ne wanda masu shagon kayan gini ke kira gam ɗin tayil, galibi a buhun kilo 20. Kada sunan ya ruɗe ki, ba gam ba ne irin na kafinta. Shi ma siminti ne da lallausan yashi, amma an ƙara masa magani iri biyu: ɗaya yana riƙe ruwa cikin kwaɓin don kada ya tsere da wuri, ɗaya kuma yana ba shi danƙo ya kama abu mai santsi. Ya fi tsada, amma siriri ake shafa shi, bai kai kaurin fensir ba, don haka buhu guda kan rufe wajen murabba'in mita 4 zuwa 5.

TAMBAYOYI UKU KAFIN KI YI AIKE

Tambaya ta farko: a kan me za ki liƙa? In daɓen siminti ne ko bangon bulo mai filasta, gam ɗin tayil zai kama sosai, muddin wurin ba ƙura, ba maiƙo, ba fenti. Fenti tilas a kankare shi, domin in kin liƙa a kansa, fentin kika kama, ba bangon ba. In daɓen sabo ne ki ba shi mako 3, sabuwar filasta kuma mako 2, saboda sabon siminti yana ɗan tsukewa, in ya tsuke sai ya tsaga adon da ke kansa. Katako da kwanon rufi kuwa ki bar su, domin suna lanƙwasa, siminti kuwa ba ya lanƙwasa.

Babban gargaɗina shi ne a kan bangon ƙasa, tun da yawancin gidajenmu na cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, akwai sauran ginin tubali a cikinsu. Kada ki liƙa tangaran da siminti ko da gam a jikin bangon ƙasa. Ƙasa tana kumbura in ta sha laima, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa yana tsaye ƙiƙam. Da sannu sai su rabu, ki ƙwanƙwasa ki ji yana ƙara kamar ganga. Daga nan ruwa ya sami hanya ta baya, siminti ya hana shi fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye har ruwan watan Agusta ya zo ya same shi ba ƙarfi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ba asarar ado kaɗai ba ce, zancen ɗakin da 'ya'yanki ke kwana ne. In kina son ado a bangon ƙasa, ki bi hanyar kakanni, a manna faranti da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta cikin ɗaki inda ruwa ba ya bugu.

In kuma ƙasan wurin daɓen gargajiya ne ko turɓaya, sai a fara daddaɓe ta da tsakuwa, a zuba kankare mai kaurin inci 2 zuwa 3, sa'an nan ado ya hau kai.

Tambaya ta biyu: me za ki liƙa? Ga wani ɗan gwaji da nake koya wa 'yan ajina a darasin aikin hannu. Ki kifa gutsuren, ki ɗiga masa ruwa a baya. In ya tsotse ruwan nan take, kamar tsingaron tukunya ko tayil mai jan baya, to simintin gini zai iya kama shi. In ruwan ya tsaya yana ƙyalli, kamar a kan gilashi, ko farantin tangaran mai sheƙi gaba da baya, ko tayil ɗin nan mai tauri na zamani, to sai gam, gam ɗin ma mai ƙarfi. In gilashi ne mai nuna abin da ke bayansa, ki nemi farin gam, domin mai ruwan toka yana dusashe launi. Madubi kuwa kada ki sa shi, kaifin siminti yana cinye abin da aka shafa a bayansa ya yi baƙi.

Tambaya ta uku: ina wurin yake? Abin da ke cikin ɗaki ba ya shan wahala kamar na tsakar gida, wanda zai sha zafin Maris da Afrilu, ya sha ruwa daga Mayu zuwa Satumba, ya kuma sha sanyin hunturu.

KARANTA BUHU

A jikin buhunan gam da yawa za ki ga wasu haruffa, ki rubuta su a takarda ki ba wanda za ki aika Tudun Wada ko Sabon Gari. C1 shi ne na yau da kullum, ya isa aikin cikin ɗaki da gutsattsari masu shan ruwa. C2 ƙa'idar kamunsa ta ninka ta C1, shi ne na tsakar gida, da makewayi, da gilashi. In an ƙara harafin T, ba ya zamewa a bango. In an ƙara E, yana jira wajen minti 30 bayan an shafa, maimakon minti 20. Mai harafin F kuwa saurin kamawa gare shi, ba na mai koyo ba ne. Araha ba ta ado, amma kuma ba dole ki sayi C2 don ɗan aikin ƙuryar ɗaki ba.

A duba kwanan watan da ke jikin buhu, a kuma lallatsa shi. In akwai ƙulalai masu tauri waɗanda ba su murƙushewa da yatsa, ya riga ya sha laima, kada a karɓa ko da ragi. A gida ki ɗora shi kan katako, nesa da bango, ki ɗaure bakinsa da leda. Simintin gini kada ya wuce wata 3 a ajiye.

KWAƁI

Ki tanadi tsohuwar roba, da cokalin magini, da soso, da gwangwanin awo guda. Ruwan ya zama mai tsabta irin wanda za ki iya sha, ba ruwan wanki ko na wanke-wanke ba, domin sabulu da maiƙo suna raunana siminti, sukari kuma yana hana shi kamawa. Ki fara zuba ruwa, sa'an nan ki barbaɗa gari a kai kina juyawa. Awon da ke jikin buhu shi ne gaba, amma galibi gwangwani 3 na gari ne ga gwangwani 1 na ruwa. Kaurin da ake so shi ne na markaɗaɗɗiyar gyaɗa: ba ruwa-ruwa kamar koko ba, ba kuma tauri kamar tuwo ba. In kin ɗebo a cokali kin karkata, ya maƙale bai zubo ba, ya yi.

Sai ki bar shi ya huta minti 5 zuwa 10 don magungunan su jiƙa, ki sake juyawa ba tare da ƙara ruwa ba. Ki riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, abin da za ki ƙarar cikin rabin awa, tun da jera ƙananan gutsattsari ba ya sauri. In kwaɓi ya fara tauri a roba, zubar da shi. Kada ki ce za ki farfaɗo da shi da ruwa kamar ɗumamen tuwo. Zai yi laushi a ido, amma ƙarfinsa ya riga ya karye.

In da simintin gini za ki yi aiki, awo 1 na siminti ne ga awo 3 na yashi mai kaifi, tankaɗaɗɗe, marar laka. Ki damƙi yashin da ruwa, in ya ɓata miki tafin hannu da ja, sai an wanke shi.

LIƘI

Tun kafin ki taɓa siminti, ki zana abin da kike so a takarda ko kwali daidai girman wurin, ko dagi, ko tauraro, ko irin zanen da kike yi a hula, ki jera gutsattsarin a kai ki ga yadda za su zauna. Masu sayar da tayil suna sayar da fasassu a buhu da rahusa, ga kuma farantan gida da suka fashe. Ki lura kada ki sa gutsuren da ke da aya ko sunan Allah a wurin da ake takawa.

Ki share wurin, ki goge da jiƙaƙƙen soso, ya yi sanyi amma ba ruwa kwance. Ki shafa gam a ɗan fili kamar faɗin faifai biyu, ki danna kowane gutsure kina ɗan murza shi, ki bar tsakani kamar kaurin tsinken ashana biyu. Jifa-jifa ki taɓa gam ɗin da yatsa: in ya maƙale miki, yana da rai, in ya yi fata bai kama yatsa ba, kankare shi ki shafa sabo. Da hunturu wannan fata tana fitowa tun kafin lokacin da aka rubuta a buhu, don haka ki yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Jifa-jifa kuma ki ɗaga gutsure ɗaya ki duba bayansa, ya kamata gam ya rufe shi duka. Inda aka bar rami, nan ruwa ke taruwa, nan kuma ƙafar kujera ke fasawa.

Gutsattsari ba su zama kauri ɗaya, saboda haka siriri ki ƙara masa gam a baya. Ki ɗora guntun katako a kai ki bubbuga a hankali, kamar dai madaɓi, har su yi bai ɗaya. A makewayi da bakin rijiya ki yi amfani da ƙananan gutsattsari marasa sheƙi saboda santsi, ki kuma karkata aikin wajen rariya.

Ga bambanci guda da ake yawan ruɗewa a kai. Mai aiki da simintin gini za ta jiƙa tsingaro da tayil mai shan ruwa na kamar rabin awa, ta tsane su, ta dasa cikin ɗanyen kwaɓi. Mai aiki da gam kuwa ba ta jiƙawa, goge ƙura kawai za ta yi.

CIKE TSAKANI DA RENO

Bayan awa 24, ba wanda ya taka, sai a cike tsakani. Akwai garin da ake sayarwa don haka, launi-launi, ko kuwa ki haɗa siminti awo 1 da lallausan yashi awo 2. Ki cusa shi da guntun tsohon silifa har ramukan su cika, ki jira kamar minti 15, ki goge da soso matsattse, in ya sha iska ki murza da busasshen tsumma. Kada ki bari ya kwana a kan fuskar tangaran, gobe sai da kankara. Launi mai duhu ya fi ɓoye dauɗa, yana kuma fitar da zane.

Aikin da aka yi da gam ba ya bukatar ban ruwa, inuwa yake so da kariya daga ruwan sama na kwana biyu ko uku. Wanda aka yi da simintin gini kuwa reno yake so kamar jariri: ki rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ki riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Kada a ɗora gado ko randa sai mako ya zagayo.

KULA DA LAFIYA

Ɗanyen siminti yana da kaifi fiye da ruwan toka, yana cin fata a hankali, ba za ki ji ba sai hannu ya tsattsage. Ki sa safar hannu ta roba, ki cire zobe da awarwaro, in kin gama ki wanke hannu ki shafa man kaɗanya. Wajen zuba gari ki rufe hanci da baki. In ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. Wajen fasa tangaran ki sa shi cikin tsohon buhu kafin ki buga da guduma, yara kuma su yi nisa. Kowane gutsure da zai hau ƙasa ki goga bakinsa a dutse ya dakushe, ki tuna akwai mai rarrafe. Ruwan da kika wanke roba da shi kada ki zuba a rariya, domin yana daskarewa ya toshe kwata, ya jawo miki rigima da maƙwabta. Ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye, ki kwashe dusar ki zubar a juji.

Shawarata ita ce ki fara da ƙaramin abu, kamar gindin randa ko kan dakali, bayan kin shawarci maigida, in gidan haya ne kuma a nemi yardar mai shi. Ki bari ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya kafin ki taɓa tsakar gida. Ɗinkin babbar riga ma a da aikin maza ne, amma tun wajen shekarun 1970 matan birnin nan suka shiga, yau ga shi da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri. Wadda hannunta ya faɗa a wannan aiki, za ta iya shiga gidajen da birkila ba ya shiga sai an yi gyaran murya, ta yi wa 'yan'uwanta mata aiki a biya ta.

Wadda ta gwada, ko take da tambaya, ta rubuto mana ta hannun Edita. Allah ya sa albarka a abin da hannunmu ya yi.